Raha a Bakin Takaici: Waiwaye Kan Jigon Soyayya a Gajerun Labarai da Waƙoƙin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta da dama sukan ɗora mafarin jigon soyayya a rubutaccen adabin Hausa a kan shekarar 1980, wato shekarar da kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna cewa jigon ya girme wa wannan shekara nesa ba kusa ba, illa dai ya daɗe yana tafiya a ɓoye. Kafin marubucin Hausa ya sami sukunin bayyana daɗin so a fili, ya share shekaru yana bayyana ɗacinsa, kuma yakan naɗe ɗacin nan cikin raha da zambo da habaici.

2.0 Kunya da Mafitarta a Adabin Baka

A al'adar Bahaushe ta gargajiya, kunya ba ta barin mace ta ambaci sunan mijinta, balle ta furta cewa tana sonsa ko tana kishinsa. Sai dai abin da baki ya kasa faɗa kai tsaye, habaici yakan ɗauke shi. Waƙoƙin daka da na niƙa cike suke da gugar zana ga kishiya da miji mai bambanta kwana, haka nan karin magana irin su “son maso wani ƙoshin wahala” da “ba kukana ba, uwar kishiya ta mutu” suna sa dariya alhali abin da ke ƙarƙashinsu rauni ne. Makaɗa sun ɗora a kan wannan turba. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta mayar da kishi abin shewa a dandalin amada, shi kuwa Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi amfani da kuntiginsa wajen fallasa auren dole da ɓarnar magulmata a tsakanin masoya.

3.0 Rubutacciyar Waƙa

A ƙarni na 19, kalmomin so irin su bege da shauƙi suna nan birjik a rubutattun waƙoƙi, amma malaman jihadi da almajiransu sun keɓe su ga yabon Manzon Allah (SAW). Wannan gado ne Aliyu Namangi ya ci gaba da rayawa a ƙarni na 20. Saboda haka da mawaƙan boko suka waiwayi abin da ke gudana tsakanin namiji da mace, ta ƙofar gargaɗi suka shigo. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa a kan karuwa, Aƙilu Aliyu kuma ya yi 'Yar Gagara, wadda ta fito cikin Fasaha Aƙiliya. Bisa rabe-raben da aka saba, waƙoƙin nan na faɗakarwa ne. Amma duk wanda ya lura da yadda ake ƙawata siffar matar kafin a zambace ta, da yadda ake yi wa namijin da ta yaudara dariya, zai ga cewa labarin so ne da ya ƙare da nadama. Sai a 1982 aka sami kundin da ya ɗauki sunan jigon a goshinsa, wato Dausayin Soyayya na Bello Sa'id.

4.0 Zube: Daga Jiki Magayi Zuwa Magana Jari Ce

Cikin littattafai biyar da Hukumar Talifi ta Zariya ta fitar bayan gasar 1933, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East shi ne ya tsaya a kan so, kuma so ne da ya rushe. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya ƙwace ta da ƙarfin dukiya, sai ramuwar gayya ta cinye uba da ɗa. A nan babu raha, takaici ne tsagwaronsa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne dabarar Abubakar Imam a Magana Jari Ce, wanda ya fito a juzu'i uku tsakanin 1937 da 1939. Masana sun gano cewa salon aku mai ba da labari don ya tsare wani daga fita yana da asali a wani tsohon littafin Indiya mai suna Shukasaptati. A can, aku yana shagaltar da matar maigidansa ne dare bayan dare domin kada ta tafi wurin kwartonta. Imam ya riƙe akun, ya sauya dalilin: Musa ɗan Sarki Abdurrahman ne ake hanawa fita don kada ya faɗa tarkon Waziri. An cire soyayya daga ƙashin bayan littafin ke nan, domin ɗaliban makaranta aka rubuta wa. Duk da haka ta sulale ta koma cikin ƙananan labaran, inda zaman miji da mata ya zama fagen wayo da zamba, kamar yadda labarin Kalala da Kalalatu ya nuna. Mai karatu yakan yi dariya, amma abin da aka nuna masa gida ne da yarda ta yi ƙaranci a cikinsa.

5.0 Adabin Kasuwar Kano

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar da ta daɗe a sakaye. Na farko, shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976 ya samar da matasa masu karatun boko, da yawa daga cikinsu mata. Na biyu, matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, sai marubuta suka koma buga littattafansu da kansu. Daga nan ƙananan littattafai masu arha suka cika kasuwannin Kano da Kaduna da Sakkwato.

An sha zargin waɗannan littattafai da cewa mafarkin samari da 'yan mata kawai suke sayarwa. Nazarin fitattun cikinsu bai goyi bayan wannan zargi ba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya kai Sumayya ga faɗawa rijiya saboda an fifita mai kuɗi a kan wanda take so, wato matsalar Jiki Magayi ce ta dawo bayan kusan shekara sittin. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya bi sawun Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, kuma a bakin matan littafin an ji irin habaicin nan na bakin turmi ya hau takarda. Bambancin da aka samu shi ne, a da namiji ne ke zambatar macen da ta yaudare shi, yanzu kuwa mace ce ke riƙe da alƙalami, mijin ne abin dariya. Gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, ta ƙara wa wannan murya fili.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa raha ita ce rigar da ta bai wa takaicin so damar fita bainar jama'a ba tare da keta kunya ba. Wannan yana da tasiri a kan hanyar nazari. Muddin aka ci gaba da jefa duk waƙar da ta zambaci mace cikin rukunin faɗakarwa, duk labarin da ya ba da dariya kuma cikin rukunin nishaɗi, to za a yi ta yanke wa jigon soyayya rabin tarihinsa. Bugu da ƙari, yawancin littattafan kasuwa an buga su ne a kan takarda marar ƙarko, wasu ko shekarar bugu babu, ga shi kuma an taɓa ƙona wasunsu a bainar jama'a a Kano a 2007. Ya zama wajibi sassan nazarin harsunan Nijeriya su tattara su, su adana, tun kafin gara da ƙura su raba manazarta da shaidar da za su dogara a kanta.