Alƙawarin Da Aka Yi A Cikin Jirgin Ruwa

Mai karatu, in kana son gane manufar Amurka game da ƙasashen Larabawa, sai mu koma ranar 14 ga Fabrairu, 1945. A ranar ce Shugaba Franklin Roosevelt, yana kan hanyar gida daga taron Yalta, ya tsaya a mashigin Suwez ya gana da Sarki Abdul'aziz Al Sa'ud cikin jirgin ruwan yaƙi mai suna Quincy. Sarkin ya taso daga Jidda da tawagarsa, har da tumakin yanka. Roosevelt ya ba shi kyautar keken guragu, saboda dukansu biyu tafiya na yi musu wuya.

Mutane da yawa kan ce a nan aka ƙulla cinikin "ka ba ni mai, in tsare ka." Amma maganar da ta fi cin lokacinsu ita ce ta Falasɗinu. Roosevelt ya nemi Sarkin ya amince a ƙara shigar da Yahudawan Turai can. Sarkin ya ƙi, ya ce a ba su ƙasar Jamusawan da suka zalunce su, tunda ba Larabawa ne suka yi laifin ba. Roosevelt ya yi alƙawarin ba zai yanke wani hukunci ba sai ya tuntuɓi Larabawa, ya kuma maimaita haka a wasiƙa ranar 5 ga Afrilu. Mako guda bayan nan ya mutu. A Mayun 1948 magajinsa Harry Truman ya amince da ƙasar Isra'ila minti 11 kacal da kafuwarta.

Shi kuwa mai, da ma ba ya buƙatar alƙawari. Tun 1933 kamfanin Standard Oil na Kalifoniya ya sami izinin haƙa, aka kuma dace da shi a Dammam a 1938. Wannan igiyar ce ba ta taɓa tsinkewa ba.

Sau ɗaya batutuwan biyu suka yi karo sosai. A yaƙin Oktoban 1973 Amurka ta yi wa Isra'ila jigilar makamai, Sarki Faisal da sauran Larabawa suka hana ta mai, farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. A ganina darasin da Washington ta ɗauka ba na Falasɗinu ba ne, na rijiyoyin ne. An janye takunkumin a Maris ɗin 1974 ba tare da Falasɗinawa sun samu komai ba. A Janairun 1980 Jimmy Carter ya fito fili ya ce duk wata ƙasar waje da ta nemi mamaye yankin Tekun Fasha za a tare ta, ko da ƙarfin soja ne. Da Saddam ya shiga Kuwait a Agustan 1990, cikin 'yan kwanaki sojojin Amurka suka fara sauka a Saudiyya, kafin a fara yaƙi a 1991 sun kai kusan rabin miliyan a yankin.