Borin Jini Mai Tsanani Daga Allurar Bitamin Ta Jijiya

A Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa, kamar sauran garuruwan ƙasar nan, an saba ganin wanda zazzaɓi ya kwantar yana neman a yi masa ƙarin ruwa mai launin rawaya domin ya samu ƙarfi. Launin nan na bitamin B ne da ake zubawa a ruwan. Yawancin mutane ba ya yi musu komai, amma akwai 'yan tsiraru da jikinsu ke yi masa mummunan bori, wanda likitoci ke kira anafilaksis. Masana biyu na Faransa, Charles Richet da Paul Portier, su ne suka raɗa masa wannan suna a 1902.

Bitamin B1 da bitamin K su aka fi sani da haddasa shi, musamman idan aka tura su cikin jijiya da sauri. Alamun kan bayyana cikin 'yan mintuna: ƙaiƙayi, kumburin leɓe da harshe, shaƙewar murya, sarƙewar numfashi, sannan hawan jini ya faɗi, mutum ya suma. Wanda ya taɓa yin allurar lafiya lau ma ba shi da tabbacin tsira a karo na gaba.

Matakin farko shi ne a tsayar da ruwan, a kwantar da majinyacin, a ɗaga ƙafafunsa, kada a bar shi ya miƙe. Maganin da ke ceton rai shi ne adirenalin: rabin miligiram a tsokar cinya ga baligi, a maimaita bayan minti 5 idan babu sauƙi. Maganin ƙaiƙayi da ake yawan rugawa gare shi ba ya maye gurbinsa. Ko an farfaɗo, sai an kai mutum babban asibiti, irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, domin borin kan dawo bayan wasu sa'o'i.

Nan ne haɗarin allurar gida da ta kemis yake, don da wuya a samu adirenalin a wurin, kuma lasisin masu ƙananan shagunan magani bai ba su damar yin allura ba. Mai iya ci da sha, a mafi yawan lokuta, ƙwayar bitamin ta wadatar masa.

Hukumar NAFDAC na karɓar rahoton irin wannan illa ta manhajar Med Safety.