Daga Kujerar Likitan Haƙori Zuwa Bawul ɗin Zuciya

A farkon shekarar 1911, mawaƙin nan Gustav Mahler ya kwanta da zazzaɓin da ya ƙi sauka a birnin New York. Likita Emanuel Libman ya sa aka ɗebi jininsa aka auna, aka tarar da ƙwayoyin cutar da gidansu na asali bakin ɗan Adam ne. Sun bi jini sun maƙale a bawul ɗin zuciyarsa, wato ƙofofin da ke buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. A wancan zamani wanda ciwon nan ya kama sai dai addu'a. Mahler ya mutu a watan Mayu.

Tun 1909 Thomas Horder a Landan ya zargi baki da zama mafarin wannan ciwo. Hujja ta zo a 1935, lokacin da Okell da Elliott suka auna jinin mutane jim kaɗan bayan an cire musu haƙori, suka ga ƙwayoyin cuta na yawo a jinin fiye da rabinsu. Da penisilin ya samu, sai lissafi ya zo da sauƙi: a ba majiyyaci magani kafin a taɓa dasashinsa. A 1955 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta rubuta wannan a matsayin ƙa'ida.

Sai 1960, likita Albert Starr ya dasa wa wani mutum a Portland bawul na ƙira da suka ƙera tare da injiniya Lowell Edwards, 'yar ƙwallo ce a cikin kejin ƙarfe, kuma ya rayu. Nasarar ta zo da nata nauyin. Ƙwayar cuta tana son zama a jikin abin da aka dasa, musamman wajen ɗinki, kuma magani ba ya cimma ta da sauƙi. Daga nan aka fara tura majiyyaci wurin likitan haƙori kafin tiyata. Ƙa'idar Turai ta 2015 ta ce a kawar da duk ruɓa a baki aƙalla mako biyu kafin dashen, sai fa idan aikin na gaggawa ne.

Abin da ya kamata a faɗa da gaskiya shi ne, an gina al'adar shan maganin ne a kan tunani mai ma'ana, ba a kan babban gwajin da ya tabbatar da ita ba. An kuma gano cewa goge baki da tauna ma suna tura ƙwayoyin cuta cikin jini, kullum, ba sau ɗaya a shekara ba. Shi ya sa a 2007 Amurka ta taƙaita maganin ga waɗanda suka fi shiga haɗari, ciki har da masu bawul na dashe: giram 2 na amoksisilin, minti 30 zuwa 60 kafin aikin haƙori. Birtaniya ta wuce nan, a 2008 ta daina ba kowa. Da wani bincike a mujallar Lancet ya nuna a 2015 cewa ciwon ya ƙaru a Ingila, sai a 2016 aka sassauta lafazin. A ganina janyewar Birtaniya ta 2008 ta yi gaggawa, domin mai bawul a ƙirji ba ɗaya yake da sauran jama'a ba.

Cire haƙori kafin tiyata ma ba a raina shi. A wani bincike da ya fitar a 2014, asibitin Mayo ya bibiyi majiyyata 205, shida daga ciki sun rasu bayan cirewar, tun ba a kai ga aikin zuciyar ba. Bayan tiyata kuma ga wafarin, maganin tsinka jini da masu bawul na ƙarfe ke sha har abada, wanda ke sa dasashi ya daɗe yana zubar da jini.

A ƙasar Hausa zancen ba na nesa ba ne. Ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun yarinta har yanzu yana lalata bawul ɗin matasa, kuma da yawa daga waɗanda aka yi wa dashe ba su taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba kafin ranar da likitan zuciya ya tura su.