Jarabar caca: yadda take kama mutum da hanyoyin rabuwa da ita

Jarabar caca lalura ce da ke sa mutum ya kasa daina zuba kuɗi a caca, alhali yana ganin tana cinye dukiyarsa, tana kuma raba shi da iyalinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta na 11 na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Tun a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta haɗa ta rukuni ɗaya da shaye-shayen miyagun ƙwayoyi.

Caca tana motsa sashen ƙwaƙwalwa da ke sakin sinadarin dofamin mai sa jin daɗi, kuma rashin tabbacin ci ko faɗuwa shi ke ƙara ingiza mai yin ta. A cacar ƙwallon ƙafa ta wayar salula, idan wasa ɗaya ya ɓata tikitin wasanni goma, sai mutum ya ɗauka saura ƙiris ya dace. Amma kamfanonin caca sun tsara lissafinsu ne ta yadda riba za ta riƙa komawa gare su.

Babbar alamar kamuwa ita ce sake zuba kuɗi domin mayar da asarar jiya. Sauran sun haɗa da ƙara yawan kuɗin da ake sakawa, ɓoye wa iyali gaskiya, cin bashi, da ƙuncin rai idan an yi yunƙurin dainawa. Lamarin kan kai wasu ga tunanin kashe kansu, wanda ke buƙatar ganin likita nan take.

Matakin farko na rabuwa da ita shi ne mutum ya yarda cewa abin da ya tafi ba zai dawo ta hanyar caca ba. Daga nan sai ya goge manhajojin caca, ya nemi a rufe asusunsa, ya damƙa katin bankinsa ga amintaccen ɗan'uwa. Ana ba iyali shawarar kada su yi gaggawar biya masa bashi ba tare da ya fara neman magani ba.

Likitoci kan yi amfani da zaman tattaunawa domin gyara tunani da ɗabi'a. Ana iya neman taimako a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya, kamar na Yaba da ke Legas, Aro a Abeokuta, Kaduna, Kware da Maiduguri. Wanda ya sake komawa caca bayan ya daina, ya koma wurin likita ba tare da jin kunya ba, domin hakan na faruwa a yayin jinya.