Operation Finale: Fim kan sace Adolf Eichmann daga Ajantina

Operation Finale fim ne na Amurka da aka fara nunawa a watan Agustan 2018. Yana ba da labarin yadda jami'an Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, suka kama Adolf Eichmann a wajen birnin Buenos Aires a shekarar 1960, shekara 15 bayan ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu.

Chris Weitz ne ya ba da umarni. Ben Kingsley ya fito a matsayin Eichmann, Oscar Isaac kuma ya fito a matsayin Peter Malkin, jami'in da ya cafke shi da hannunsa.

Wane ne Eichmann?

An haife shi ne a garin Solingen na ƙasar Jamus a 1906, ya kuma girma a Ostiriya. Muƙaminsa a rundunar SS ta 'yan Nazi bai wuce laftana-kanar ba, amma ofishinsa ne ke tsara yadda za a tattara Yahudawa daga ƙasashen Turai, a loda su cikin jiragen ƙasa zuwa sansanonin da ake hallaka su.

Shi ne ya rubuta bayanan taron Wannsee na watan Janairun 1942, inda manyan jami'an gwamnatin Hitler suka daidaita shirin kisan ƙare-dangin. A 1944 ya je Hangari da kansa, inda cikin kimanin wata biyu aka kwashe Yahudawa fiye da 430,000, akasarinsu zuwa Auschwitz.

Sojojin Amurka sun tsare shi bayan yaƙin ba tare da sun gane ko wane ne ba. Ya tsere a 1946, ya yi aikin sarar itace a arewacin Jamus da sunan jabu, sannan a 1950 ya shiga jirgin ruwa daga Italiya da takardar tafiya ta ƙungiyar Red Cross mai ɗauke da sunan Ricardo Klement.

Ɓuyan da kowa ya sani

Mai kallon fim ɗin zai iya ɗauka cewa gwanintar ɓuya ce ta kare Eichmann tsawon shekara 10 a Ajantina. Tarihi bai nuna haka ba.

Matarsa da 'ya'yansa sun bi shi a 1952, kuma 'ya'yan ba su ma sauya sunan mahaifinsu ba. Ya yi aiki a kamfanin Mercedes-Benz. A 1957 ya riƙa zama da wani ɗan jarida ɗan ƙasar Holan, Willem Sassen, wanda shi ma tsohon sojan SS ne, yana ba da labarin aikinsa ana naɗar muryarsa. Wasu takardun hukumar CIA da aka fitar a 2006 sun nuna cewa tun a 1958 jami'an leƙen asirin Jamus ta Yamma sun shaida wa Amurka cewa mutumin yana Ajantina, amma babu wanda ya ɗauki mataki.

Wanda ya fara tona asirin dai wani makaho ne ɗan asalin Jamus, Lothar Hermann, wanda ya taɓa zama a sansanin Dachau. 'Yarsa Sylvia ta san Klaus, babban ɗan Eichmann. Hermann ya aika wa Fritz Bauer, babban mai gabatar da ƙara na jihar Hesse, da labari. Shi kuma Bauer, saboda tsoron cewa tsofaffin 'yan Nazi da ke cikin ma'aikatar shari'ar ƙasarsa za su tsegunta wa mutumin, sai ya miƙa bayanin ga Isra'ila a asirce a 1957.

Ko ita Mossad ɗin ba ta yi hanzari ba. Jami'in da ta fara turawa ya dubi gidan, ya ga ba ya kama da gidan babban jami'in Nazi, aka jingine maganar. Sai da Bauer ya matsa sannan aka tura Zvi Aharoni a farkon 1960, wanda ya gano sabon gidan a titin Garibaldi, a unguwar San Fernando.

A daren 11 ga watan Mayun 1960 aka kama Eichmann yana tafiya gida bayan ya sauko daga motar safa. An ɓoye shi kwana tara a wani gidan haya, sannan aka yi masa allura, aka sa masa kayan ma'aikatan kamfanin jiragen El Al, aka shigar da shi jirgin da ya kawo tawagar Isra'ila bikin cika shekara 150 da juyin-juya-halin Ajantina. Jirgin ya tsaya shan mai a Dakar kafin ya isa Isra'ila a ranar 22 ga watan.

Inda fim ɗin ya ƙara gishiri

Likitar da ke cikin tawagar a fim ɗin, wadda aka ƙulla soyayya tsakaninta da Malkin, ƙirƙira ce. Likitan gaskiya namiji ne, Yonah Elian. An kuma tattara abubuwan da suka ɗauki shekaru aka zuba su cikin 'yan makonni, aka ƙara tseren motoci zuwa filin jirgin sama don ɗaga hankalin mai kallo.

Ƙarfin fim ɗin yana cikin ɗakin da aka tsare Eichmann ne, inda Malkin, wanda 'yan Nazi suka kashe 'yar'uwarsa Fruma da 'ya'yanta, yake ciyar da shi, yana yi masa aski, yana lallashinsa ya sa hannu a takardar amincewa a yi masa shari'a a Isra'ila. Takardar gaskiya ce, kuma ya sa hannu. Kingsley ya nuna mutum mai ladabi da taushin murya, wanda ke cewa shi ɗan aike ne kawai, har zuwa lokacin da ƙiyayyarsa ta fito fili. Wannan ya fi dacewa da abin da aka ji a faya-fayan Sassen fiye da hoton ma'aikacin ofis marar tunani da Hannah Arendt ta zana a littafinta na 1963.

Abin da fim ɗin ya wuce a gurguje shi ne rikicin doka. Ajantina ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda a ranar 23 ga watan Yunin 1960 ya zartar da ƙuduri mai lamba 138, yana cewa irin wannan aiki na taɓa 'yancin ƙasa. Ƙasashen biyu sun sasanta a watan Agusta. Da lauyan Eichmann ya ce kotun Birnin Ƙudus ba ta da hurumin sauraren shari'ar wanda aka sato, alƙalai sun ce yadda aka kawo shi bai hana a yi masa shari'a ba.

An fara shari'ar a ranar 11 ga watan Afrilun 1961 bisa tuhume-tuhume 15, aka saurari shaidu fiye da 100. An yanke masa hukuncin kisa a watan Disamba, aka rataye shi a gidan yarin Ramla a daren 31 ga watan Mayun 1962.

Akwatin Umaru Dikko

Ga dattawan Tudun Wada da sauran unguwannin Kaduna, likita mai allurar barci da jirgin da ke jira a filin jirgi ba baƙon labari ba ne.

A ranar 5 ga watan Yulin 1984 aka sace Alhaji Umaru Dikko, ɗan siyasar jihar Kaduna kuma ministan sufuri a gwamnatin Shehu Shagari, a ƙofar gidansa da ke Landan, inda ya koma bayan juyin mulkin Disamban 1983. Jami'an kwastan na filin jirgin Stansted ne suka buɗe wani akwati da za a loda a jirgin Nigeria Airways, suka same shi a sume, tare da wani likita ɗan Isra'ila.

Bambancin a bayyane yake: Dikko ba a taɓa tuhumarsa da laifin yaƙi ba. Zargin almundahana gwamnatin soja ta yi masa, kuma ya musanta. Kotun Birtaniya ta ɗaure 'yan Isra'ila uku da wani hafsan sojan Najeriya, Manjo Mohammed Yusufu, yayin da gwamnatocin Najeriya da Isra'ila suka ce babu hannunsu. Hanyar da aka yi wa tafi a 1960 saboda girman laifin wanda aka kama, ita ce ta zama laifi a 1984. Dikko ya rasu a Landan a 2014.

Najeriya ta taɓa kasancewa a ɗaya gefen ma, wato mai masauki. A watan Agustan 2003 ta bai wa Charles Taylor na Laberiya mafaka a Kalaba, duk da cewa kotun musamman kan yaƙin Saliyo ta riga ta tuhume shi. Gwamnatin Obasanjo ta ce matakin ne ya kawo ƙarshen yaƙin Laberiya.

A watan Maris na 2006, bayan sabuwar shugabar Laberiya Ellen Johnson Sirleaf ta nemi a miƙa shi, Taylor ya ɓace daga gidansa. A ranar 29 ga watan, wato ranar da Shugaba Obasanjo zai gana da Shugaba Bush a Washington, aka kama shi a Gamboru Ngala ta jihar Borno yana ƙoƙarin tsallakawa Kamaru. A ranar aka kai shi Monrovia, daga nan zuwa Freetown.

A 2012 kotun, wadda ta zauna a birnin Hague, ta same shi da laifi a tuhume-tuhume 11, ta yanke masa ɗaurin shekara 50. A shekarar da ta biyo baya aka mayar da shi wani gidan yari a Ingila.