Allunan Nineba da Babin Farko na Attaura

A shekarar 1876 wani mutumin Ingila mai suna George Smith, wanda ya fara neman abinci da sassaƙa farantan buga takardun kuɗi kafin ya koya wa kansa karatun rubutun Assuriyawa, ya fitar da littafi a Landan wanda ya tayar da ƙura tsakanin malaman Nasara da na Yahudu. Abin da ya kawo shi ne fassarar waɗansu gutsattsarin allunan yumɓu da aka haƙo a kufan Nineba, hayin kogin Dijla daura da Mosul, inda Sarki Ashurbanifal ya tara littattafansa, kuma a jikinsu aka rubuta ƙissar halittar duniya yadda mutanen Babila suka riƙe ta. Smith bai ga ƙarshen muhawarar ba, domin a shekarar nan ajali ya riske shi a Halab yana ɗan shekara 36.

Ƙissar, wadda ake kira Enuma Elish, alluna bakwai ce. A cikinta alloli haihuwarsu ake yi, su cika gida da hayaniya har su hana kakansu barci, a ƙulla makirci, a yi kisa. Sa'an nan Marduk, ɗaya daga cikin allolin, ya yaƙi Tiyamat, uwar teku, ya tsaga gawarta biyu kamar kifin da za a shanya, rabi ya zama sama, rabi ƙasa. Ɗan Adam kuwa da jinin wani abin bauta da aka yanka saboda tawaye aka yi shi, don ya ɗauke wa alloli wahalar aiki.

Nan da nan waɗansu suka ce ai ga tushen Littafin Farawa na Attaura, tunda Bani Isra'ila sun yi zaman bauta a Babila bayan Bukhtanasar ya rushe Baitul Muƙaddas, shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa. Kama kam akwai, har kalmar Ibraniyanci ta zurfin ruwa, tehom, 'yar uwar sunan Tiyamat ce. Amma wanda ya ajiye nassoshin biyu gefe da gefe, ya bi su sannu da idon basira, zai tarar cewa babin farko na Attaura ya fi kama da raddi a kan shirkar maƙwabta, domin babu nasabar Allah a cikinsa, babu kishiya, babu yaƙi. Umarni kawai ake bayarwa, abu ya kasance, teku kuma ta tsaya inda aka yi mata iyaka. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda aka yi da rana da wata, waɗanda Babilawa ke yi wa sujada da sunan Shamash da Sin: ko sunansu ba a ambata ba, an kira su babbar fitila da ƙarama, an jinkirta su sai kwana na huɗu, bayan haske ya samu har tsirrai sun fito, aka ɗora musu aikin ƙidayar kwanaki da shekaru. Mutumin da Babila ta mai da bawan ƙwadago, a nan an girmama shi, namiji da mace, an damƙa masa amanar ƙasa.

Babi na biyu na Attaura wata siffa ta Allah ya fito da ita. Tun 1753 Jean Astruc, likitan Sarkin Faransa, ya lura cewa babin farko Elohim kaɗai yake cewa, na biyu kuwa ya haɗa da sunan nan mai haruffa huɗu da Yahudu ba sa furtawa don ta'azimi. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fara fita cikakke a 1932 bayan aikin Dokta Miller na Zariya da abokansa, bambancin a bayyane yake: can Allah, nan Ubangiji Allah. Mai ƙudurar da ya yi umarni daga nesa, a nan an siffanta shi kamar maginin tukwane, ya siffata mutum da turɓaya, ya hura masa rai a hanci, ya dasa masa gona, ya kawo masa dabbobi ya ga sunan da zai raɗa wa kowace. Ko bayan saɓon Adamu da Hawwa'u, kafin a fitar da su daga gonar, nassin ya ce shi ne ya yi musu riguna na fata ya suturta su.