Peugeot 504 da Hanyar Sahara zuwa Nijar

A shekarun 1970 da 1980, matasan Turai da dama sun riƙa sayen tsofaffin motocin Peugeot 504, su ɗora su a jirgin ruwa daga Faransa zuwa Aljeriya, sannan su keto Sahara har Nijar. Hanyar ta bi ta Tamanrasset da In Guezzam, ta shiga Nijar a Assamaka, ta wuce Arlit zuwa Agadas. A wancan lokacin, kudu da Tamanrasset kwalta takan ƙare, sai rairayi da sawun waɗanda suka riga wucewa.

An ƙera motar a 1968 don hidimar iyali, tayoyin baya kaɗai ke ja. Matafiya kan cika ta da jarkokin mai da ruwa, su ɗauki faifayen ƙarfe na fitar da ita idan ta kafe, su kwana a tanti. A 1980 Henry Dangel ya kafa kamfani a Alsace, ya soma sauya 504 ta yadda tayoyi huɗu duka ke ja, ya kuma ƙara mata tsayi daga ƙasa. Duk da haka, da tsohuwar samfurin galibin matasan suka yi ta ketowa.

Da yawansu kan sayar da motar a Agadas ko Yamai, su sayi tikitin komawa gida, ita kuwa ta koma ta haya. Tawayen Abzinawa daga 1990 da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992 su suka toshe hanyar. Makanikai da 'yan jagora na Agadas, waɗanda abincinsu ya rataya ga baƙin nan, sun ji jiki ƙwarai.